Kwaɗi uku a akwatin gilashi, daga damina zuwa damina

Ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a cikin birnin Kano, kuma kowace shekara sai mun iso darasin rikiɗar kwaɗo: ƙwai, sai ɗa mai wutsiya da ke yawo a ruwa, sai ƙafafu su fito, sai wutsiya ta ɓace. Kowace shekara da alli nake zana shi a allo. Yaran da kukan kwaɗi ke raka su barci duk watan Agusta, su ne ke zaune suna haddace abin kamar labarin wata dabbar ƙasar waje, su rubuta a jarrabawa, su manta. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Da damina ta fara ja da baya, wani ruwa da ya kwanta a fili bayan layinmu ya soma ƙafewa. Bakinsa ya yi baƙi ƙirin da 'ya'yan kwaɗi, sun cunkushe a ɗan abin da ya rage, ga rana, ga kaji na tsince su. Na ɗebo kaɗan a bokiti tare da ruwan wurin da gansakukarsa. Niyyata a lokacin ba ta wuce yara su gani da idonsu ba.

Hajiya ce ta fara leƙa bokitin. Ta ce, "Kai kuwa, ga tantabara ga zomo, ka rasa abin kiwo sai kwaɗo?" Na ce, "Hajiya, na karatun yara ne." Ta yi shiru, can ta ce, "To ka dai sani, duk abin da ka tsare, cinsa da shansa sun dawo wuyanka." Maganar ta tsaya mini a rai, har bayan sallar isha'i na tsaya na tambayi limamin masallacinmu. Ya tuna mini hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da sa kwaɗo a magani, sai ya hana kashe shi. Ya kuma kawo na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, ke nan in sake su?" Ya ce, "Ko ka sake su, ko ka riƙe su da haƙƙinsu. Na ukun ne babu." A kan wannan na shiga aikin.

Zamansu na ruwa bai ba ni wuya ba. Baho mai faɗi a inuwa, ruwa bai wuce tsawon yatsa ba, na rufe da raga don kada sauro ya mayar da shi wurin zuba ƙwai. Abincinsu gansakuka da ganyen alayyafo da na ɗan tafasa ya yi laushi, ɗan kaɗan, in kwashe ragowar kafin ta ruɓe. Ruwan ba a juye shi gaba ɗaya, kashi ɗaya cikin uku nake ɗebewa in mayar da ruwan sama da muka tara. Ƙafafun baya ke fara fitowa, na gaba sai daga baya. Da zarar na gaban sun fito, dabbar ta koma numfashi da huhu, in kuwa babu inda za ta hau ta fita, nutsewa za ta yi a ruwan da ta girma a ciki. Sai na karkata bahon, gefe ɗaya ya zama tudu, na jera duwatsu. A 'yan kwanakin nan ba sa cin komai, wutsiyar ce jiki ke zuƙewa yana rayuwa da ita. Na riƙa kai su aji a roba mai murfi, yara na layi suna leƙawa. Wata yarinya ta ɗago kai ta ce, "Malam, wutsiyar ina ta tafi?" Shekara da shekaru ina zanen nan a allo, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar.

Da suka gama rikiɗa, mafi yawansu na mayar da su cikin ciyawar filin da na ɗebo su, da almuru, bayan an yi yayyafi. Uku na bari. Irin kwaɗon nan ne na gida, mai kaushin fata da kumburi biyu a bayan idanu, wanda ake tararwa a gindin randa da bakin kwata, masana na kiransa Sclerophrys regularis. Ba shi da kyan launi irin na waɗanda ake gani a intanet daga dazuzzukan Kudancin Amurka, amma ya san iskar Kano da zafinta, kuma ga mai fara kiwo wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kwaɗon da aka ɗauko daga dajin da ruwa ba ya yankewa sai da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta ɗaukewa. In babu su, watan Afrilu ɗaya ya ishe shi.

Akwatin a wajen masu yankan gilashin taga aka haɗa mini. Na ba da awo: tsawo santimita 60, faɗi 40, tsayi 40. Mai aikin ya ce, "Malam, kifi za a zuba?" Na ce kwaɗi ne. Ya ajiye abin yankan ya dube ni, da ya ga da gaske nake sai ya ce, "To ai sai da murfi mai sakata, waɗannan ba sa zama wuri ɗaya." Shi ya kawo shawarar firam na alminiyam da ragar taga. Abu ɗaya na dage a kai, gam ɗin silikon ya zama irin na akwatin kifi. Wanda ake liƙe banɗaki da shi galibi akwai maganin funfuna a ciki, kuma fatar kwaɗo ba ta jure shi. Na bar akwatin a buɗe a tsakar gida har warin gam ya fita sarai, sannan na wanke da ruwa zalla, ba sabulu.

A ƙasa na zuba tsakuwa, kaurin yatsa biyu, don ruwan da ya tsiyaye ya sami wurin kwanciya. A kanta ƙyallen raga, sai gawayi da na farfasa na wanke, sai ƙasa mai zurfin kusan santimita 10, domin wannan kwaɗo mai tono ne, da ƙafafun baya yake haƙa yana shigewa da baya-baya har ya ɓace. Ƙasar daga gindin mangwaron gidanmu na haƙo, inda na tabbata ba a taɓa zuba takin zamani ko maganin ciyawa ba. Na shanya ta a rana na tankaɗe, don ƙananan tsakuwa a sama haɗari ne, yana iya haɗiye su tare da abinci su toshe masa ciki. A sama na baza busasshen ganyen mangwaro. Ganyen darbejiya ya fi sauƙin samu, ko'ina ka juya a Kano shi ne, amma na ƙi shi. Ganyen da manoma ke jiƙawa su fesa wa ƙwari bai kamaci wurin da ƙwari su ne abinci ba. Sai fasasshen tulu a kife, wurin ɓuya, da kasko marar zurfi wanda in kwaɗo ya zauna a ciki ruwan ba zai wuce haɓarsa ba. Gefen kaskon nake jiƙawa, ɗaya gefen in bar shi da ɗan bushi, su zaɓi inda suke so.

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Zama yake yi a ciki, fatar cikinsa da ta cinyoyinsa ta zuƙa. Wani kaso na numfashinsa ma ta fata ne. Ke nan duk abin da ke cikin ruwan, ko a hannunka, ko a iskar ɗakin, ƙofa a buɗe take gare shi zuwa cikin jiki. Ruwan famfo ana sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, alheri ne gare mu, amma yana cutar da fatar kwaɗo. In famfo ya kawo na tara, sai ya kwana ya wuni a buɗaɗɗen bokiti kafin in yi aiki da shi. In na 'yan garuwa ne nakan tambayi daga ina, in kuma shinshina jarkar, don wadda ta taɓa ɗaukar kananzir ko fetur ba ta rabuwa da shi. Da damina ruwan sama ya wadatar, ban da na farko da ya wanke rufin kwano. Kaskon kullum da safe nake wanke shi, domin a cikinsa suka fi yin kashi.

Abinci shi ne aikin. Kwaɗo ba ya cin abin da ba ya motsi. Ka ajiye masa matacciyar fara a gaban hanci, zai zauna da yunwarsa yana kallon wani wurin. Soyayyiyar farar bakin titi mai gishiri da yaji ba ta ma cikin lissafi. Mai rai yake so, kuma girmansa kada ya wuce faɗin da ke tsakanin idanun kwaɗon.

To lokacin da suka fito daga ruwa kowannensu bai kai farcen ɗan yatsa ba, sai ka lissafa me zai shiga wannan bakin. Makonnin nan su ne mafi wuya a duk shekarar. Kwalba na samu na zuba ɓawon ayaba da ragowar gwanda, ƙananan ƙudajen nan masu jan ido suka taru suka yi ƙwai, na ɗaure bakin da ƙyalle. Kullum in kaɗa kaɗan cikin leda, in ɗora a kan ƙanƙara ko cikin firij na ɗan lokaci su yi laƙwas, sannan in zuba. Sai gara. In jiƙa kwali in kife a gindin katanga inda na ga gininta, bayan kwana biyu in ɗaga, ƙasansa ya yi fari da ƙanana. Masu jan kai da manyan baki nake tsincewa in yar, don suna cizo. A wannan ƙuruciyar kullum ake ba su, wani lokaci safe da yamma, kuma a ƙaramar roba mai jiƙaƙƙiyar ƙasa na riƙe su tukuna, don a babban akwati abincin ɓacewa yake yi kafin su gan shi.

Da suka tasa, abin da nake kamawa a tsakar gida ya daina isa. Damina na wucewa ƙwari suka ɗauke ƙafa. Ga kuma wata matsalar: ƙwaron da ka tarar yana jan jiki a cikin gari, sau da yawa fiya-fiyan wani gida ya shaƙa, shi ya sa ya kamu da sauƙi. Kyankyason kwata da na masai kuwa ko kusa. Sai na koma kiwon gyare, kuma lokacin da gyare ke ci mini ya ninka na kwaɗin.

Babbar roba mai santsin ciki na sayo a Ƙofar Wambai, na yanke tsakiyar murfin na liƙa raga. A ciki na jera kiret ɗin ƙwai na kwali a tsaye don su sami wurin ɓuya. Iyayen farko yaran unguwa ne suka kamo mini a wani kango da ba mai yin feshi. Abincinsu dusa da ɗan abincin kaji, sai ɗanyen kaya: zogale, karas, kabewa, duk abin da ya ragu daga cefane. Ba a sa musu ruwa a buɗe, nutsewa suke yi, auduga nake jiƙawa a murfin kwalba. Sai gwangwanin da na cika da yashi mai danshi, macen ta soka dogon tsinken da ke bayanta ta zuba ƙwai. Bayan mako guda in ɗauke gwangwanin zuwa wata robar, in kula kada ya bushe, cikin kamar mako biyu sai ga 'ya'ya birjik. Roba uku nake juyawa, ta jarirai, ta matasa, ta iyaye, don kowane lokaci a sami girman da ya dace. Ban da gyare ina da bokitin tana, ƙasa mai laima da ruɓaɓɓen ganye a inuwa. Duk cikin abincin babu wanda ya fi tana gina musu jiki.

Akwai abin da ido ba ya gani a nan. Gyare da fara ba su da isasshen kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, fosfaras ne ya fi yawa a jikinsu. Kwaɗon waje yana cin ƙwari iri-iri, wannan ya cike giɓin wancan. Na akwati da ke cin gyare tsura zai yi ƙiba ka ɗauka lafiya lau yake, can sai ƙafafu su fara lanƙwashewa, muƙamuƙi ya yi laushi, ya kasa ɗaga jiki. In ta kai nan, gyara da wuya. Don haka gyaren da zan bayar gobe, yau nake ware shi in cika masa ciki da zogale da karas, tunda abin da ke cikin gyare shi ke komawa cikin kwaɗo. Kafin in zuba kuma in sa su a leda da ɗan garin ɓawon ƙwai in girgiza su yi fari. Ɓawon tafasa shi nake yi, in shanya, in daka a turmi, in tankaɗe da rariyar laushi. Sai dai jiki ba ya amfana da kalsiyam sai da bitamin D3, kuma irin hasken ranar da ke sa fata ta samar da shi ba ya ratsa gilashi. Rashin bitamin A shi ma da tasa illar, harshen kwaɗo ya daina manne wa abu, ya yi ta harbi yana kuskurewa. Saboda waɗannan biyun na sa aka kawo mini daga Legas garin bitamin da ake haɗawa musamman don kwaɗi da ƙadangaru. Jefi-jefi nake barbaɗa shi yadda aka rubuta a jikin robar, domin yawansa ma cuta ne.

Bayan magariba nake ba su, lokacin da suke fitowa da kansu. In rage hasken ɗakin in zauna a ƙasa. Babbar cikinsu, wadda daga baya na tabbatar mace ce, ita ke fara leƙowa daga bakin tulu. Gyare na giftawa sai ta juya jikinta gaba ɗaya ta fuskance shi, ta ɗan ɗaga ƙirji, ta tsaya cak. Babu abin da ke motsi a jikinta sai dogon yatsan ƙafar baya, yana karkarwa. Gyaren ya tsaya, ita ma ta tsaya. Yana ɗaga ƙafa ɗaya sai ka ji ɗan tas, ba ka ga komai ba, gyare ya tafi. Harshen a gaban baki yake maƙale, ba can ciki irin namu ba, wurgo shi take yi ya manne ya dawo kafin ƙiftawa da bismilla. Sannan ta runtse idanu biyu, su nutse cikin kai. Ƙwayar idon ce ke taimakawa wajen danna abincin zuwa maƙogwaro, tunda irin wannan kwaɗo ba shi da haƙori ko ɗaya. In tana ce, da hannu biyu take tallabarta, tana tura ta ciki tana sharce ƙasar jikinta da yatsu. Na kalli wannan ba adadi, kuma har yau in ta yi sai na ce Subhanallah.

Yanzu da suka girma sau biyu ko uku a mako ya ishe su, gwargwadon abin da za su cinye cikin rubu'in sa'a. Ragowar gyare ba ya kwana a akwati, don in yunwa ta kama shi yakan gaggatsi fatar kwaɗo yana barci. Ƙaramin cikinsu nakan ware shi a roba in ba shi nasa, in ba haka ba babbar ce ke share wurin. Wata ranar kuma za ka tarar ɗayansu ya doro yana ta hamma, yana jan wani abu mai yauƙi daga baya zuwa baki. Ba ciwo ba ne, tsohuwar fata yake saɓulewa yana haɗiyewa.

Sai zancen iska, wanda ba ni kaɗai ke da ta cewa a kai ba. Gidan Kano ba ya rasa turaren wuta, ba ya rasa maganin sauro, na feshi ko na kunnawa. Na zauna da uwargida muka yi magana. Ta ce, "Malam, ba zan bar sauro ya cinye mini yara saboda kwaɗo ba." Gaskiyarta, zazzaɓin cizon sauro ba abin wasa ba ne. Muka tsaya a kan akwatin ya koma ɗan ɗakin ajiya da ke kusa da zaure, ba feshi ba turare a can, ɗakunan kwana kuma gidan sauro ne a gaba. Ranar da feshi ya zama dole, a rufe ƙofar ɗakin kwaɗi a toshe ƙasanta da tsumma har wari ya wuce. Robobin gyare ma can suke, don su feshi ɗaya ya gama da su.

Ba dabbar riƙewa a hannu ba ce. Ina ɗaukarsu ne kawai in zan canza ƙasa, da hannun da na ɗauraye sosai, a jiƙe, babu mai, babu turare, babu ragowar sabulu. In na gama kuma sai in wanke da sabulu. Kumburin bayan idanunsu wani farin dafi yake fitarwa in an matsa musu, in ya shiga ido ko baki ko ciwo akwai raɗaɗi, kyanwa ko karen da ya ciji kwaɗo kuwa yana iya galabaita. Ban da dafin, kwaɗi kan ɗauki ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, ko da su lafiyarsu ƙalau. Shi ya sa autarmu da ba ta kai shekara biyar ba kallo kawai take yi ta gilashi, kaskon da sauran kayan aikinsu kuma ba sa kusantar wurin wanke-wanke.

Da Disamba ta kama, iska ta juya. Ƙasar da a da feshi ɗaya ke wunin da ita sai ga ta tana bushewa kafin azahar, ƙura na ratsa raga ta kwanta a kan ruwan kasko. Na sayi kwalbar feshi irin ta masu aski, sabuwa fil, safe da yamma ina fesawa. Rabin murfin na rufe da jiƙaƙƙen tawul, rabi na bari a buɗe, don in aka toshe duka iska ta tsaya, funfuna ta tashi. Wasu dararen sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15. Kwaɗin suka shige ƙasa, sai a yi kwanaki ba a gan su ba, in sun fito ma gyare ɗaya biyu su koma. Nan zuciya ke raya wa mutum ya tona ya duba. Ban tona ba. Haka 'yan'uwansu ke yi a waje, shi ya sa da rani sai ka rantse babu kwaɗo a Kano, alhali suna nan a ramuka da ƙarƙashin ƙasa suna jiran ruwa. Jikinsu ba ya samar da ɗumin kansa, in gari ya yi sanyi komai nasu raguwa yake yi, har narkar da abinci. Nawa dai ƙasa ta zauna da danshi, kasko da ruwa, in sa abinci kaɗan in kwashe in ba a ci ba. Gyaren ma sanyi na rage musu haihuwa, sai na riƙa fitar da robobinsu suna shan hantsi.

Bazara ce ta fi tayar mini da hankali. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, kwaɗon kuwa tsakanin 24 da 28 ne jin daɗinsa. A waje yana da zurfin ƙasa da zai gudu, a akwati santimita 10 ce iyakarsa. Gilashi kuma tara zafi yake yi, in rana ta haske shi kai tsaye ba a ɗaukar lokaci abin da ke ciki ya mutu. Na sauke akwatin ƙasa a kan siminti, nesa da taga, jikin bangon da rana ba ta duka, na sa ma'aunin zafi a ciki. Fanka ba abin dogaro ba ce, wuta kan ɗauke a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Dabarar randa ce ta fisshe ni: ruwa na tsatstsafowa ta jikin yumɓu, iska na busar da shi, yana tafiya da zafi. Da ita Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya ba tare da lantarki ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ni kuma na naɗe gefe uku na akwatin da buhun algarara, bakinsa na ƙasa tsome a bahon ruwa yana sha yana hawa. A ciki na binne ƙaramin tulu har wuya, cike da ruwa, a rufe. Da na leƙa da rana tsaka, duka ukun sun tona a gindin tulun sun manna ciki da shi. Ranakun da abin ya ƙazanta nakan sayo ƙanƙara a gora, in naɗe da tsumma in ɗora a kan raga, sanyin na sauka a hankali. Cikin kasko ba na sa ta.

Duk lokacin ba da abinci ina duba jikinsu. Ja a ciki da cinyoyi, kumburin jiki, wuni a cikin ruwa ba fita, ƙasusuwan ƙugu su fito, ido ya yi hazo, kowanne a cikin waɗannan dalili ne na ware kwaɗon a tsabtatacciyar roba a nemi likitan dabbobi. Maganin mutane ba a gwada shi a kansu.

Wani ɗalibina ya taɓa zuwa mini da burduddugi a leda, daga kududdufin unguwarsu, ya ce, "Malam, ga ƙari." Na yi masa godiya, muka koma tare muka sake shi inda ya kamo shi. Burduddugi na ruwa ne, yana son wurin iyo, kuma duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne, har ƙananan kwaɗi. Ko ba don haka ba, baƙon kwaɗo na iya zuwa da cuta. Akwai wata cutar fata da masana suka gano a ƙarshen shekarun 1990, kitirid, wadda ta shafe nau'o'in kwaɗi a Ostareliya da Amurka ta Tsakiya, kuma fataucin kwaɗi daga ƙasa zuwa ƙasa na cikin abin da ya yaɗa ta. Babban binciken da aka fitar a 2023 ya nuna kashi 41 cikin 100 na nau'o'in dangin kwaɗi a duniya na fuskantar barazanar ƙarewa, kuma rasa muhalli ne kan gaba a dalilan. Ba sai an je nesa ba. Kududdufan da kakanninmu suka bari wajen ɗibar ƙasar gini, yau da yawansu an cike an ɗora shaguna da gidaje, waɗanda suka rage kuma shara da ruwan kwata sun cika su. Ni dai ba na ƙara baƙo a akwatina, ba na kuma sakin kwaɗo a wurin da ba nan ya fito ba.

Da ruwan farko ya sauka, shinge ya tashi a gindin fitila, yara suka tara mini a kwano na cire fukafukan na zuba. Ban taɓa ganin sun ci abinci irin na daren ba. Shinge maiƙo gare shi, na ɗan lokaci ne, ba abincin kullum ba. Ba a jima ba biyu daga cikinsu maƙogwaronsu ya yi duhu, da dare suka fara kuka, na san maza ne. Suka dame macen da hawa, har ta rage cin abinci. Macen irin wannan kwaɗo dubban ƙwai take zubawa a jere cikin dogon zare mai yauƙi, ni kuwa ba ni da wurin dubbai, ba ni da abincinsu. Don haka ban sa musu ruwa mai zurfi ba, na koma wajen mai gilashi ya haɗa mini akwati na biyu, mazan suka koma can. Ta dawo da cin abincinta kamar da. Yanzu kasko biyu nake wankewa da safe. Damuwar wannan lokacin kuma yawan laima ce: na buɗe murfin duka, na canza ƙasar sama da ganyen da suka fara funfuna, tawul da buhu na wanke na ajiye, feshi kuma sai na taɓa ƙasa na ji ta bushe.